Mala Makanike da 'Yan Kunne Ɗaya

Duk wanda ya taɓa noman rani a gefen madatsar Watari ya san Mala, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke zagaya gonaki a kan jan babur, da buhun sifanoni ɗaure a baya, yana gyara injinan ban-ruwa. Kakansa ne ya zo daga Borno da fataucin kanwa, ya ga ƙasa mai albarka ya yi zamansa. Har yau ana kiran gidansu Gidan Barebari, ko da yake Barbarcin da ya rage a bakin Mala bai wuce gaisuwa ba.

Da kunne ya yi suna. Wasu makanikai sai sun kwance inji sun baza kayan cikinsa a kan buhu kafin su gane ciwonsa. Mala kuwa cewa yake a tayar, ya tsaya ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, sannan ya ce, "Fulogi ne," ko "Ruwa ya shiga mai," ko kuma ya daka tsawa, "Kashe shi, kashe shi, boris ya kusa tarwatsewa!" Da wuya a kwance a tarar ba haka ba ne.

Yana da shekara arba'in da uku abin ya fara, kuma wayarsa ya fara zargi. In ya kara ta a kunnen hagu sai ya ji maganar can ƙasa-ƙasa, kamar mai kiran yana cikin rijiya. Sau biyu yana kai ta wurin mai gyara a Bichi. A karo na biyu mai gyaran ya kara ta a nasa kunnen ya ce, "Ranka ya daɗe, wayar nan lafiyarta ƙalau." Mala ya karɓi abarsa yana ganin mutumin bai san aikinsa ba.

A gida kuwa matarsa Asama'u ta fara jin haushi. Sai ta yi masa magana daga bakin murhu, ya yi shiru yana ta goge sifana. Ta sake, shiru. Wata rana ta ajiye ludayi ta zo ta tsaya a gabansa.

"Baban Ikhlas, in wani laifi na yi maka gara ka faɗa mini. Sau uku ina tambayarka ko a zuba maka tuwo."

"Yaushe?" in ji Mala, da gaskiyarsa.

Daga nan sai ƙara ta tare a kunnen, wani siririn kuka kamar na gyare, ba ya tsayawa. Sai jiri. Mutumin da ke tsallake magudanar ruwa da inji a kafaɗa ya koma yana tangaɗi a fili. Ranar da ya faɗa cikin tumatirin wani manomi, kafin la'asar labari ya zagaye gari cewa Mala ya fara shan ƙwaya. Har wani dattijo ya ja shi gefe bayan salla ya yi masa nasiha mai tsawo, a kunnen hagu, don haka rabinta kawai ya ji.

An yi na kemis, an ɗiga man zaitun, an wanke kunne, babu sauyi. Daga asibitin kusa aka tura shi wani babban asibiti a Kano, inda aka kwantar da shi aka tura cikin wata na'ura mai kama da bututu don a ɗauki hoton cikin kansa. Na'urar ta yi ta ƙwanƙwasa da gurnani. Da aka fito da shi, abin da ya fara ce wa ma'aikacin shi ne, "Malam, injin nan naku yana son a duba shi." Ma'aikacin ya yi dariya ya ce haka kukansa yake tun yana sabo.

Likita ya zaunar da su shi da Asama'u, ya nuna musu wani farin dunƙule a hoton, kamar ƙaramin goro. Ya ce ƙari ne ya fito a kan jijiyar da ke kai sauti daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, sunansa a turance akustik niyuroma. Ba ciwon daji ba ne, ba ya bazuwa cikin jiki, amma na Mala ya girma har ya fara danne abin da ke kusa da shi, sai an cire. Ya kuma faɗa musu gaskiya: jin kunnen hagu ba zai dawo ba, kuma fuska tana iya taɓuwa, domin jijiyar da ke motsa ta a nan kusa take wucewa.

Dangi suka tsaya, aka yi aiki, aka yi nasara. Sai dai da Mala ya dubi madubi bayan kwana huɗu, bai gane mutumin da ke ciki ba. Gefen hagu na fuskarsa ya saki, baki ya karkace, ido ba ya rufuwa. In ya kurɓi koko sai ya zubo ta gefen baki ya ɓata masa riga.

Da aka sallame shi ya dawo gida, ya shiga ɗaki ya ƙi fitowa. Manoma suna sallama da injinansu a ƙofar gida, yana aika musu cewa ba ya jin daɗi. Ko masallaci ya daina zuwa, a ɗaki yake sallarsa. Wata biyu aka yi a haka. Asama'u ta yi rarrashi, ta yi faɗa, ta koma rarrashi, duk a banza.

A wata komawa asibiti, wata nas ta ja Asama'u gefe ta tambaye ta ko ta yarda a ba wata mata lambarta. Ta ce matar ita ma an yi mata irin wannan aikin, kuma tana son ganin masu irin lalurarta. Asama'u ta bayar, ba tare da ta sa rai da komai ba.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Wata gajeriyar dattijuwa ce mai farin tabarau da jaka a hannu, ta ce sunanta Hajiya Kaltum, daga Gezawa take, mota uku ta hau kafin ta iso, don haka a ba ta ruwa tukuna. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, kuma muryar aikin ba ta bar ta ba. Da ta sha ruwa ta dubi ƙofar ɗakin Mala.

"Malam Mala, fito. Ni ba gyaran inji na kawo ba."

Kunya ta hana shi ƙin fitowa ga babbar mace da ta yi irin wannan tafiya. Ya fito da rawani naɗe har hanci, ya zauna a bakin tabarma yana kallon ƙasa. Hajiya ta dube shi, ta ɗauki kujerarta ta zagayo ta ajiye a damansa.

"Naka na hagu ne ko? Nawa na dama. Ka ga mun dace, mai jin nawa yana fuskantar mai jin naka."

Mala ya ɗago kai. Tun da abin ya same shi, ita ce mutum ta farko da ta san gefen da za ta zauna ba tare da an faɗa mata ba.

"Asama'u, zo ki duba bayan kunnena ki faɗa masa abin da kika gani."

Asama'u ta ɗaga gefen ɗankwalin Hajiya ta leƙa. "Wallahi irin naka ne sak, Baban Ikhlas. Har lanƙwasar."

"Shekara shida ke nan," in ji Hajiya. "To cire rawanin nan, zafi ake yi. Babu abin da za ka nuna mini da ban gani a madubina ba."

Ya warware a hankali. Ta duba fuskar da kyau kamar mai duba aikin ɗalibi, ta ce tata ta fi wannan karkacewa. Wata tara ta yi kafin ta fara dawowa, kuma ba ta dawo duka ba. Ta yi murmushi don ya gani, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tashi. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin yadda tasa za ta kasance ba, kowa da yadda jijiyarsa take warkewa, amma zaman ɗaki bai taɓa miƙar da bakin kowa ba.

Sai Mala ya ji bakinsa ya buɗe. Ya tambaye ta ko ita ma tana jin kukan gyaren nan.

"Nawa ba gyare ba ne, tafasar shinkafa ce. Yana nan har yanzu. Na daina faɗa da shi, sai ya rage damuna."

"In an kira ki daga nesa fa, kina gane inda muryar take?"

"Ina! Juyawa nake kamar akuyar da ta ɓace a kasuwa. Jikokina sun sani, in sun kira ni sai su ɗaga hannu."

Mala ya yi dariya, dariyar farko cikin wata biyu. Ya kai hannu zai rufe baki, sai ya fasa.

Ta koya masa 'yan dabaru. Ya riƙa shan koko da tsinken shan lemo. Kada ya yi wasa da maganin ɗigawa a ido da likita ya rubuta, kuma ya sa tabarau in zai fita cikin iska. Kullum safe ya yi tafiya daga bango zuwa bango a tsakar gida yana juya kai dama da hagu, kamar yadda aka nuna masa a asibiti ya watsar. Sannan ta juya ga Asama'u.

"Ke fa, 'yata? Wa ya tambaye ki yadda kike?"

Asama'u ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai hawaye suka riga ta. Hajiya ta ja ta suka shiga ɗaki, suka daɗe. Mala yana zaune a waje, kuma a ranar ne ya fara tunanin cewa ba shi kaɗai ne ya yi jinya ba.

Da za ta tafi ta ce ba ta san hanyar tasha ba, sai ya raka ta. Ya san ƙarya take, domin ita ta kawo kanta, amma ya sa hula ya bi ta. Kafin su kai bakin titi mutum ya fi goma ya tare shi da barka da arziki. Babu wanda ya tsaya kallon bakinsa sai wani manomi, shi ma abin da ya ce shi ne, "Mala, albasata tana ƙonewa, yaushe za ka zo?"

Komawa aiki ba ta zo da sauƙi ba. Da kunne ɗaya, in injina uku suna kuka a lokaci guda sai duk su cakuɗe masa. Ya koyi roƙon maƙwabtan gona su kashe nasu na ɗan lokaci. Ya samo dogon sukundireba, ya riƙa ɗora bakinsa a jikin inji, ƙotar kuma a kunnen dama, sai ya ji motsin cikin ƙarfen tar. Babur kuwa sai da ya yi wata biyar bai hau ba. Da jirin ya lafa likita ya yarda, ya ɗaura babban madubi a hagu saboda motocin da ba zai ji tahowarsu ba, ya kuma rage gudu, abin da Asama'u ta shekara goma tana roƙo ba ta samu ba.

Hajiya Kaltum tana da wani ɗan taro da ta fara da mutum uku. Suna haɗuwa sau ɗaya a wata, ranar ganin likita, a gindin wata darbejiya da ke wajen asibitin. Da Mala ya fara zuwa su bakwai ne, da tela, da mai sayar da hatsi, da wata ɗalibar jami'a. Ɗalibar ce ta buɗe musu zaure a waya ta sa masa suna 'Yan Kunne Ɗaya, sunan ya bi su. Kafin a fara magana sai an ɓata lokaci wajen zama, masu dama su koma nan, masu hagu su koma can, Hajiya tana tsaye tana nuni da hannu kamar ranar jarrabawa. Doka ɗaya ce tak: ba a rubuta wa kowa magani a nan, wannan aikin likita ne. Abin da ya same ka kawai za ka faɗa, da yadda ka yi da shi.

Matan aure da mazajen da suka rako nasu sukan shimfiɗa tabarmarsu a gefe. Can ne dariya ta fi yawa. Asama'u ta ce duk ƙorafinsu iri ɗaya ne: in maganar cefane ce sai a juyo musu da mataccen kunne, in ta nama ce kuwa ko raɗa aka yi sai an ji.

Bayan shekara guda fuskar Mala ta dawo sosai, sai ɗan nauyi a gefen baki in ya gaji. A lokacin ne Hajiya ta kira shi a waya.

"Akwai wani a wajen Kunci, Iliyasu, makiyayi ne. An ga ƙarin a hotonsa, tun ranar ya gudu bai koma ba. Matarsa Rahmatu ce ta neme ni. Gwiwata ba za ta kai ni ba, kuma kun fi kusa. Ka ɗauki Asama'u ku je."

"Hajiya, ni me na sani da zan faɗa masa?"

"Ni da na zo gidanka digiri na nuna maka?"

Suka je ranar Lahadi. Suka tarar da Iliyasu a garkensa yana ba shanu harawa, siririn Bafulatani mai sanda a kafaɗa, fuska a murtuke. Rahmatu ta ja Asama'u ciki. Mala ya yi sallama ya faɗi sunansa, ya zagaya ta gefen da ya ga mutumin yana miƙo kunne.

Iliyasu ya dube shi sama da ƙasa. "Mala? Babarbare ne kai?"

"Shi ne."

"Ikon Allah. Duk Kano a rasa wanda za a aiko mini sai bawana?"

Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗaya, kuma ba a fushi. Mala ya ji daɗi a ransa, ya san ƙofa ta buɗe.

"Ubangidanka dai. Labari ya iske ni cewa wani bawana ya ga likita ya zura da gudu har yana yar da sanda, na ce bari in zo in ga ko gaskiya ne."

Iliyasu ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa. Suka zauna a inuwar rumbu. Da wasa ya lafa, sai ya faɗi abin da ke cin sa. An gaya masa fasa kai ake yi kamar kabewa, kuma wanda aka taɓa wa ƙwaƙwalwa ba ya tashi da hankalinsa. Yana da 'ya'ya shida da garke, wa zai bar wa?

Mala ya cire hula ya juya masa ƙeya. "Taɓa ka ji."

Iliyasu ya bi tabon da yatsa a hankali. "Iyakarsa ke nan?"

"Iyakarsa ke nan. Ba zan ce maka babu wahala ba. Na sha jiri, bakina ya karkace, na yi wata biyu ina ɓuya kamar ɓarawo. Amma ga ni, da babur na zo. Kuma ni ban san ko kai za a yi maka aiki ba. Ka tsaya ka ji abin da likitan ya ce?"

Iliyasu ya sosa kai. "Da ya ce ƙari a cikin kai, ban ƙara jin komai ba. Na ce zan zaga bayan gida, ban tsaya ba sai tasha."

"To ranar Talata zan jira ka a Bichi, mu shiga tare. Ni zan zauna a bakin ƙofa, in ka taso da gudu in riƙe ka."

Haka aka yi. Rahmatu ta zo, Asama'u ma ta zo. Likita ya sake buɗe hoton ya yi bayani dalla-dalla, Mala yana maimaita wa Iliyasu abin da ya kuɓuce masa. Ashe nasa ƙarin ƙarami ne ƙwarai, bai kai ƙwayar wake ba. Likita ya ce irin wannan ba a gaggawar taɓa shi, za a riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci a ga ko yana girma, wani ma yakan tsaya inda yake shekara da shekaru. Abin da ake so kawai kada ya ƙara ɓacewa.

Iliyasu ya fito ya tsaya a baranda ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Rahmatu tana share ido tana hamdala. Wata huɗu ya yi yana rama saboda tsoron aikin da babu wanda ya ce za a yi masa.

"Ka gani ko?" ya ce wa Mala da ya samu bakin magana. "Kan Bafulatani ko likita sai ya yi shawara kafin ya taɓa. Naku ne ake buɗewa a duba ko akwai wani abu a ciki."

Da yake ranar taro ce, daga nan suka wuce gindin darbejiya, Hajiya Kaltum ta rubuta sunan Iliyasu a littafinta, na goma sha huɗu. Bai taɓa fashin zuwa ba tun daga ranar. Hoto na biyu da na uku duk sun nuna ƙarin bai motsa ba. Shi da ba ya son magana cikin mutane, yanzu in an kawo sabon da tsoro ya kama, shi ake turawa ya ba da labarin yadda ya gudu daga asibiti, kuma kullum nisan gudun ƙaruwa yake.

Ranar da aka ba shi sakamakon hoto na uku, ya iso taro da babbar ƙwarya ta kindirmo da Rahmatu ta ɗaure da zane, da curin fura a leda. Ya dire a gaban Mala.

"Ga shi, a ba bayi su sha."

Mala ya buɗe ƙwaryar ya leƙa, ya gyaɗa kai. "Madalla. Harajin bana ya iso a kan lokaci. Hajiya, a shaida ya biya."

"Ni ban ji ba," in ji Hajiya Kaltum, tana miƙo kofinta. "Ta gefen dama kuka yi maganar. Asama'u, dama mana da kauri."